Rembrandt, Mai Zane Wanda Ya Tara Ya Kuma Rasa

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani mutumin ƙasar Holanda, sunansa Rembrandt. Yau fiye da shekara 350 ke nan da rasuwarsa, amma har yanzu ana lissafta shi cikin manyan masu zanen hoto na duniya. Watakila waɗansunku sun taɓa ganin aikinsa ba su sani ba, gama akan buga hoton da ya zana na Ɓataccen Ɗa cikin littattafai da kalanda. Amma ba zane kaɗai ya yi ba. Mutum ne mai son tara tsofaffin kayan gwaninta: hotunan da aka buga da jan ƙarfe ko da itace, da mutum-mutumin sarakunan dā, da baƙin abubuwa daga ƙasashe masu nisa. Wannan tari ya koya masa aiki, shi ne kuma ya taimaka wajen karya shi.

Haihuwarsa da koyon aiki

An haifi Rembrandt ran 15 ga watan Yuli, 1606, a garin Leiden. Ubansa, Harmen, yana da injin niƙa irin wanda iska ke juyawa, a bakin kogin Rhine. Uwarsa kuwa 'yar mai gashin burodi ce. Su ba attajirai ba ne, amma suna da rufin asiri. Shi ne na tara cikin 'ya'yansu. Aka sa shi makarantar Latin, inda yara ke koyon labarun Romawa da na Helenawa da Littafi Mai Tsarki. A 1620 aka rubuta sunansa a jami'ar garin, tun bai cika shekara 14 ba. Amma zuciyarsa ba ta wurin karatun jami'a. Da iyayensa suka ga haka, sai suka kai shi wurin wani mai zane, Jacob van Swanenburg, ya yi shekara uku yana koyo. Bayan wannan ya tafi Amsterdam, ya yi wata shida wurin Pieter Lastman, wanda ya shahara wajen zana labarun dā.

Ya koma Leiden ya kafa nasa wurin aiki. Cikin hotunansa na fari akwai wanda ya yi a 1626, na Filibus yana yi wa Bahabashen nan baftisma. Ba da daɗewa ba wani babban mutum, Constantijn Huygens, magatakardan Yariman ƙasar, ya ga aikinsa da na abokinsa Jan Lievens. Ya yaba musu ƙwarai, amma ya ga laifinsu a kan abu ɗaya. A zamanin nan saurayi mai son zama gwani yakan tafi Italiya ya ga aikin manyan gwanaye. Su biyun kuwa suka ƙi. A ganinsu ba su da lokacin tafiya, kuma mafi kyaun kayan Italiya suna zuwa kasuwannin Holanda. Ku riƙe wannan a zuciya, gama shi ne tushen labarinmu. Rembrandt bai taɓa zuwa Italiya ba har ya mutu. Maimakon ya je, sai ya yi ta sayen kayanta yana kawowa gidansa.

Arziki ya zo

Wajen ƙarshen 1631 ya ƙaura zuwa Amsterdam. A lokacin birnin nan ya fi kusan kowane birni na Turai ciniki, jiragen ruwansa suna kaiwa har Indiya da Japan. Attajirai suna so a zana kamanninsu, suka yi ta zuwa wurin Rembrandt. A 1632 ya zana wani likita mai suna Tulp yana koya wa masu aikin fiɗa yadda jijiyoyin hannu suke. Wannan hoto ya sa sunansa ya bazu. Har ya kai yana karɓar gilda 500 a kan hoto ɗaya. Gilda shi ne kuɗin Holanda a zamanin nan, kuma ma'aikaci yakan yi shekara guda cur kafin ya sami kamar gilda 300. Almajiransa kuma kowannensu yana biyansa gilda 100 a shekara.

A 1634 ya auri Saskia, 'yar wani magajin gari na Leeuwarden, ta kuwa zo da gādo. A watan Janairu, 1639, ya sayi wani babban gida a kan gilda 13,000. Bai biya duka ba. Aka shirya zai biya kashi ɗaya cikin huɗu tukuna, sauran kuma cikin shekara biyar ko shida, da ruwa. Ga mai samu irin nasa wannan ba abu mai wuya ba ne, da ya sa hankalinsa a kai. Amma kuɗin suna tafiya wani wuri dabam.

Yadda ake buga hoto

Kafin mu bi shi zuwa kasuwa, ya kamata mu bayyana irin kayan da yake saye. A zamaninsa babu na'urar ɗaukar hoto. In ana son hoto ɗaya ya zama ɗari, sai a buga shi, hanyoyin kuwa uku ne.

Ta fari ita ce ta itace. Akan zana hoton a kan allo, a sassaƙe duk inda ba a so tawada ta taɓa, a bar layukan a tsaye. Sa'an nan a shafa tawada a danna a kan takarda, kamar yadda ake buga hatimi.

Ta biyu ita ce ta ƙwarzanar jan ƙarfe. Gwani yakan ɗauki allon jan ƙarfe mai santsi, ya tura wani ƙarfe mai tsini a kansa yana yanka layuka ɗaya ɗaya. Aiki ne mai cin lokaci, hannu kuma ba ya samun sakewa. A nan tawada cikin ramin layukan take zama. Akan shafe allon duka da tawada, a goge bisansa, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su cikin injin matsi. Takardar sai ta tsotso tawadar daga ramukan. Manyan gwanayen wannan aiki su ne Albrecht Dürer na Jamus, wanda ya rasu a 1528, da Mantegna na Italiya, da Lucas na Leiden, ɗan garin su Rembrandt, wanda ya rasu a 1533.

Ta uku ita ce wadda Rembrandt ya fi so. Akan rufe allon jan ƙarfe da kaki da ƙaro, a zana a kai da allura kamar mai rubutu da alƙalami. Sa'an nan a zuba wani ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. Ruwan ba ya cin kakin, sai inda allura ta buɗe. Wani lokaci kuma yakan kartar jan ƙarfen da allura kai tsaye. Allurar takan ta da ɗan tudu a gefen layin, kamar kunya a gona, tudun nan kuwa yana riƙe tawada ya ba da baƙi mai taushi. Amma bayan bugu kaɗan injin yakan danne shi. Saboda haka masu tara irin waɗannan hotuna suke neman bugun fari, suna biyan kuɗi mai yawa dominsa. Rembrandt ya yi alluna wajen 300 ta wannan hanya.

A wurin gwanjo

In attajiri ya mutu a Amsterdam, akan yi gwanjon kayansa, ana rubuta sunan mai saye da abin da ya biya. Waɗansu takardun nan suna nan har yau, sunan Rembrandt kuwa yana fitowa cikinsu sau da yawa. A 1637 ya sayi bugaggun hotuna da katantanwar teku a gwanjon kayan wani mai zane. A shekarar nan kuma ya sayi wani hoton Rubens a kan gilda 424. A 1638 ya sayi hotunan Dürer masu yawa. Akwai jerin hotunan itace da Dürer ya yi a kan rayuwar Maryamu, Rembrandt ya sayi jerin nan har kashi tara a gwanjo ɗaya. Wannan ya nuna yana fatauci da su kuma, ba kallo kaɗai ba. A 1642 ya biya gilda 179 domin ƙaramar takarda ɗaya ta Lucas na Leiden, wato fiye da ladan ma'aikaci na wata shida.

Wani marubucin Italiya mai suna Baldinucci, wanda ya ji labari daga bakin wani almajirin Rembrandt, ya rubuta cewa in an fara gwanjo yakan yi tayi mai tsada tun da fari, har kowa ya ja da baya. Hujjarsa ita ce yana so ya ɗaukaka darajar sana'ar zane. Abin da ya fi ƙarfinsa kuwa, yakan tsaya ya zana shi. A 1639 aka sayar da wani hoton Raphael a kan gilda 3,500. Rembrandt ya zana kamanninsa da sauri a takarda, ya rubuta kuɗin a gefe.

Dangin matarsa suna lura. A 1638 waɗansunsu suka yi ta faɗi cewa Saskia tana ɓarnatar da gādon iyayenta da ado da fahariya. Rembrandt ya kai ƙara a kan ɓata suna, yana cewa shi da matarsa suna da wadata ƙwarai. Kotu ba ta ba shi komai ba.

Abin da ke cikin gidan

Mun san abin da ya tara domin daga baya hukuma ta rubuta kayan gidansa ɗaki ɗaki, har abu 363. A wani ɗaki na bene akwai jerin kawunan sarakunan Roma, su Augustus da Tibariyas da Nero, da na masanan Helenawa, su Homer da Socrates da Aristotle. Yawancinsu an zuba su ne da farar ƙasa a kan siffar tsofaffin da ke Italiya. Ba domin sujada ya ajiye su ba, domin ya koyi yadda mutanen dā suka siffanta fuska ne. Akwai taswirar duniya mai siffar ƙwallo guda biyu, da katantanwa da murjani na teku, da busasshen tsuntsu daga tsibiran gabas. Akwai fatun zaki, da bakuna da kibau, da mahuci na Indiya, da kwalkwalin yaƙi na Japan.

Amma dukiyar da ta fi duka tana cikin manyan kundaye wajen 70. Cikinsu akwai zane-zane da bugaggun hotuna kimanin 8,000: na Mantegna da Raphael da Titian da Michelangelo, na Dürer da Holbein da Cranach, na Lucas da Bruegel, da nasa na kansa. Littattafan karatu kuwa kaɗan ne, ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Cikinsu akwai wani tsohon Littafi Mai Tsarki, da tarihin Yahudawa na Yusufus mai hotuna. Waɗansu dillalai biyu sun shaida daga baya cewa tsakanin 1640 da 1650 takardun nan da kayan dā sun kai gilda 11,000, hotunan fenti kuma gilda 6,400. Ku lura, wannan ya fi kuɗin gidan duka.

Amfanin da ya yi da su

Kada mu ce duk ɓarna ce. Kundayen nan su ne makarantarsa, da ta almajiransa. A 1653 ya yi wa wani basaraken Sisiliya hoto. Rembrandt ya zana Aristotle ya ɗora hannu bisa kan mutum-mutumin Homer, irin wanda ke ɗakinsa. A 1650 ya ɗauki katantanwa guda ya zana ta a jan ƙarfe. Da yake bugu yana juya hoto kamar madubi, sai murɗin katantanwar ya fito a juye, masanan halittun teku suna nuna wannan har yau. Ya kuma kwaikwayi ƙananan hotunan sarakunan Musulmi na Indiya, su Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. Fiye da ashirin cikin zanen nan suna nan.

A hotunansa na Littafi Mai Tsarki aka fi ganin amfanin tarin. Wajen 1648 ya gama wani allo wanda ya haɗa labarun Matta sura 19 wuri ɗaya. Yesu yana tsaye a tsakiya. Daga dama marasa lafiya suna fitowa daga duhu, wani a kan amalanke, wata a kwance a tabarma. Daga hagu iyaye mata suna kawo 'ya'yansu, Bitrus yana so ya hana su, Farisiyawa suna gardama, saurayin nan mai dukiya kuwa yana zaune ya riƙe baki da hannu. Tun Rembrandt yana da rai aka sayar da bugu ɗaya a kan gilda 100, shi ya sa ake kiransa Hoton Gilda Ɗari.

A 1653 ya yi Gicciye Uku, ya buga waɗansu a kan fata. Da allon ya fara lalacewa bai yar da shi ba. Ya kankare mutane da yawa, ya ja layuka masu kauri daga sama har duhu ya rufe kusan kome, sai Yesu a tsakiya. Ya ƙara wani mahayin doki mai doguwar hula, siffarsa kuwa ya ɗauko ta daga wata tsohuwar lambar tagulla wadda Pisanello na Italiya ya zuba shekara 200 kafin wannan. A 1655 ya yi hoton Bilatus yana nuna Yesu ga taro, ya bi tsarin da Lucas na Leiden ya yi a 1510.

Har takarda ma yana zaɓe. Tun daga 1641 mutanen Holanda kaɗai cikin Turawa aka yardar wa su yi ciniki da Japan, a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a bakin Nagasaki. Jiragensu suka kawo takardar Japan, wadda ake yi da hannu daga ɓawon wani ɗan itace. Tana da santsi, launinta kamar na hauren giwa, tana kuwa karɓar tawada da kyau. Daga wajen 1647 Rembrandt ya riƙa buga mafi kyaun hotunansa a kanta. Hotunan itace masu launi waɗanda Japan ta shahara da su bai gan su ba, gama sai a 1765 aka fara yinsu da launi iri iri. Bayan shekara 200 da zamaninsa suka cika kasuwannin Turai, har wani ɗan ƙasarsu, Vincent van Gogh, ya sayi fiye da 600 a Paris.

Baƙin ciki da laifi

Ana cikin wannan, gidan bai rabu da makoki ba. 'Ya'ya uku na fari duk suka mutu suna jarirai, namiji a 1636, mata biyu a 1638 da 1640. Na huɗu, Titus, aka haife shi a 1641, shi ne ya rayu. A watan Yuni, 1642, Saskia ta rasu tana da shekara 29, a shekarar da mijinta ya gama babban hotonsa na 'yan gadin birni. Ta bar wasiyya cewa rabonta na Titus ne, mijinta yana iya cin amfaninsa muddin bai sake aure ba.

A nan akwai abin da ba za mu ɓoye ba. Ya ɗauki wata gwauruwa, Geertje Dircx, domin renon yaron, ya zauna da ita kamar mata, har ya ba ta kayan adon Saskia. Bayan 'yan shekaru zuciyarsa ta koma ga wata budurwa mai aiki a gidan, Hendrickje Stoffels. A 1649 Geertje ta kai ƙara cewa ya yi mata alkawarin aure. Masu shari'a ba su tilasta masa aurenta ba, amma suka ce ya riƙa ba ta gilda 200 kowace shekara. A 1650 ya haɗa kai da ɗan'uwanta aka kulle ta a gidan horo a garin Gouda. Ta yi shekara biyar a can, ta fito, ba ta daɗe ba ta mutu. Mutumin da ya iya zana tausayi a fuskar Yesu bai ji tausayin wannan mace ba.

Hendrickje ma bai aure ta ba, gama aure zai sa ya rasa amfanin gādon Saskia. A 1654 dattawan ekklesiya suka kira ta, tana da ciki, suka hana ta cin Jibin Ubangiji. Shi ba a kira shi ba, domin ba a rubuta shi cikin 'yan ekklesiyar ba. Ita kaɗai ta ɗauki kunyar. A watan Oktoba ta haifi 'ya, aka sa mata suna Cornelia.

Ranar biya

Shekara 14 bayan sayen gidan, ana binsa fiye da gilda 8,000 a kansa. Holanda kuwa tana yaƙi da Ingila a teku daga 1652 zuwa 1654, ciniki ya tsaya, kowa yana neman kuɗinsa. A 1653 mai gidan ya matsa masa. Rembrandt ya ci bashi wurin mutum uku, fiye da gilda 9,000, ya biya wancan. Ya haƙa sabon rami ne domin ya cike tsohon. Masu neman hoto kuma sun ragu, gama yayi ya sāke, attajirai suna son zane mai santsi da haske, shi kuwa nasa yana ƙara kauri da duhu.

A watan Yuli, 1656, ya kai kansa gaban hukuma ya miƙa dukiyarsa ga masu binsa bashi. Dokar ƙasar ta yarda da haka ga wanda ya karye ba da zamba ba, domin kada a ɗaure shi. Ran 25 da 26 ga watan, magatakarda ya bi gidan yana rubuta kome, har da rigunan da ke wurin wanki. Aka yi ta gwanjo a 1657 da 1658 a wani masaukin baƙi. Gidan ya tafi a kan gilda 11,218, ƙasa da yadda ya saye shi. Kundayen nan da ya yi shekara fiye da ashirin yana tarawa, kuɗin da aka samu a kansu bai kai gilda 1,000 ba. Shi wanda ya saba ta da farashi a gwanjo, ga nasa kayan sun tafi a banza. Duk da haka kuɗin bai biya bashin duka ba.

Kwanakin ƙarshe

Suka koma gidan haya a unguwar masu sana'a. A watan Disamba, 1660, Hendrickje da Titus suka kafa kamfanin sayar da hotuna, Rembrandt ya zama kamar ma'aikacinsu, suna ba shi ci da wurin kwana. Da haka masu bin bashi ba su iya ƙwace sabon aikinsa ba. Macen da bai ba ta darajar aure ba, ita ce ta rufa masa asiri. Bugun jan ƙarfe ya kusa dainawa, amma fenti bai bari ba, waɗansu hotunansa mafi kyau na wannan lokaci ne. A 1662 talauci ya sa ya sayar da kabarin Saskia. Hendrickje ta rasu a 1663. Titus ya yi aure a watan Fabrairu, 1668, ya rasu a watan Satumba na shekarar, bai ga 'yar da aka haifa masa ba.

Halin tari kuwa bai bar tsohon ba. Da ya sami 'yan kuɗi sai ya koma saye. Kwana biyu kafin mutuwarsa wani baƙo ya ziyarce shi, ya rubuta tsofaffin kwalkwali da kayan dā da ya gani a gidan. A shekarun nan ne ya zana Ɓataccen Ɗa, wanda ke birnin St. Petersburg a Rasha. Ɗan yana durƙushe cikin tsumma, takalmi ɗaya ya fita daga ƙafarsa, tsohon ubansa ya ɗora hannu biyu a bayansa. Ba mu da ikon shiga zuciyar mai zanen, amma mun san wanda ya yi hoton nan ya ɗanɗana hasara da kunya. Ya rasu ran 4 ga watan Oktoba, 1669, yana da shekara 63. Aka tarar da hoton Saminu riƙe da jariri Yesu, bai gama shi ba. Aka binne shi a majami'ar Westerkerk cikin kabarin haya, ba dutse, ba suna.

Abin da ya rage

Hoton Aristotle wanda aka biya shi gilda 500, a 1961 wani gidan ajiye kayan tarihi na New York ya saye shi a kan dala miliyan 2.3. Gidan da aka ƙwace, an buɗe shi ga jama'a a 1911. Da aka so mayar da ɗakunansa yadda suke dā, a 1999, takardar magatakardan nan aka bi, aka nemo irin kawunan sarakuna da katantanwa da kundaye aka jera. Mai ziyara yana iya tsayawa ya ga yadda ake buga hoto da injin matsi na katako.

Mu kuwa, masu karatu, akwai abin da za mu ɗauka. Son abu mai kyau ba laifi ba ne, kuma mai sana'a wanda ke duban aikin magabatansa da tawali'u shi ne ke ci gaba. Abin da Rembrandt ya koya daga kundayen nan, ɗan gwanjo bai iya sayar da shi ba. Amma ya sayi abin sha'awa da kuɗin da ke na wani, ya bar bashin gida shekara 14 yana girma, har ya ci gādon ɗansa da kabarin matarsa. Tsoron rasa kuɗi kuma ya sa ya zalunci mata biyu. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ke da bashi a wuyansa, in ya ga abin da ransa ke so a kasuwa, bari ya tuna da mai binsa tukuna, da waɗanda ke ci daga hannunsa a gida.